Likkafanin da Bai Kai Ƙafafunki Ba

Mu na Allah ne, kuma gare shi za mu koma, da mai wanka da wadda ake wankewa.

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, wadda ta yi daidai da sha huɗu ga Rajab, Allah ya karɓi ran Hikoyat 'yar Nazar, mai wankan gawar mata ta ƙauyenmu, tana da shekara saba'in da bakwai. Ba wanda ya san sa'ar da ta cika. Da hantsi ne maƙwabciyarta Gulchehra ta lura babu hayaƙi a saman ɗakinta, babu kuma sawun ƙafa a kan ƙanƙarar da ta zuba a tsakar gidan. Ta tura ƙofa ta same ta kwance a gefen dama, fuskarta na kallon alƙibla, ta ɗaure haɓarta da farin ƙyalle da hannunta. Ta san idan jiki ya sandare baki ba ya rufuwa, ta kuma san ba wanda zai zo a kan lokaci.

Ni ce Salomat, uwar Bahrom, gida na uku daga masallaci. Na rubuta wannan ne don a karanta a ɗakin mata ranar sadakar arba'in, domin idan na ce zan faɗa da baki muryata ba za ta kai ni ƙarshe ba. Wadda za ta karanta kada ta tsallake ko layi ɗaya, har wuraren da suka taɓa ni.

Yaya Hikoyat, shekara hamsin da biyu kika yi a wannan aiki. Kin gaje shi wurin mahaifiyarki, kika auri ɗan masu irinsa, don ba wani gidan da zai nemi aurenki. Babu mace ko yarinya da ke kwance a maƙabartar kan tudu tun zamanin gonar gwamnati wadda ba ta bi ta hannunki ba. Da me muka saka miki? Ba mu taɓa kiranki biki ba. Ba ma cin burodin da kika gasa. Idan za ki fita daga gida ba a ce miki sai kin sake zuwa. Uwaye na jan 'ya'yansu ciki idan kin biyo layi da ƙunshinki a hammata. Kowace a cikinmu ta san haka, kowace ta yi, ni ma na yi.

Na san ki sosai ne a bazarar da 'yata ta fari, Sitora, ta faɗa magudanar ban ruwa ta rasu tana da shekara tara. Ni na shiga zuba miki ruwa, don na hana kowa. Ina tsaye da buta na ga kin naɗe hannun riga kin tsoma gwiwar hannu a cikin ruwan, kamar mai shirin yi wa jinjiri wanka, kika ce a ƙara na sanyi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Meye amfanin wannan? Ai ba ta ji."

Kika ɗago kika dube ni. "Wa ya gaya miki? Kin taɓa mutuwa ne?"

Daga nan ba ki sake kula ni ba, da ita kike magana. "Yi haƙuri, 'yata, zan juya ki. Yauwa. Ɗaga min hannu. Kin gani, saura kaɗan." Kika taje mata kai a hankali, kika cire ciyawar ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da kika gama, fuskar da ruwa ya kumbura ta koma ta yarinyar da na sani.

Bisa al'ada kayan mamaciya na mai wanka ne. Kika kwashe na Sitora tas, har jan takalminta, na ji haushinki na ce a raina kwaɗayi ne. Sai bayan shekara guda cif kika shigo da ƙunshi kika ajiye a gabana, a wanke, a goge. Kika ce, "Da na bar miki su lokacin, da kin kwana kina shinshinarsu har hankalinki ya gushe. Yanzu za ki iya riƙe su." Gaskiya kika faɗa.

Kuma ke kika tashe ni daga kwance. Bayan kwana bakwai da rasuwar Sitora na daina ci, na daina magana, mijina ya rasa yadda zai yi da ni. Ranar Alhamis kika zo kika zauna a bakin ƙofa, inda kika saba tsayawa, kika ce, "Tashi ki ɗora mai a wuta. Yau Alhamis, matattu na leƙo gida. So kike yarinya ta zo ta tarar murhu a sanyaye?" Na tashi na kwaɓa fulawa, na soya 'yan siraran burodi har ƙamshin mai ya cika gidan. Liman ya sha cewa wannan ba ya cikin littafi. Wataƙila haka ne. Abin da na sani shi ne rannan na fara cin abinci. Tun daga ranar ba ki fasa zuwa gidana ranar Alhamis ba, shekara talatin da biyar.

Shekara talatin da biyar ɗin nan kuma a kofi ɗaya nake ba ki shayi, mai shuɗin fure da tsaga a baki, wanda nake ajiyewa shi kaɗai a ramin bango bayan ƙofa. Idan kin tafi sai na wanke shi da toka sau uku. Kin sani. Kan ki zauna sai ki ce, "Kofina na nan ko? Kada ki bari wata ta sha a ciki, Salomat, ni ba na son ƙazanta." Sai mu yi dariya. Ni dariyar gaske nake yi. Taki ban san irinta ba.

Yanzu na zo wurin da nake so kowace mace a ɗakin nan ta ajiye wayarta ta saurara.

'Yata Mehri tana da shekara talatin aka kawo gawar mijinta daga Rasha a akwatin ƙarfe. Ya faɗo daga saman gini. Ya bar ta da 'yan mata biyu, ta dawo gidana da shuɗin kayan makoki. Abin da kika yi mini kika yi mata, Yaya. Sai dai ita ba ta tsaya a suyar Alhamis ba. Bayan ta fita takaba ta fara bin ki. Da farko ta ce rakiya ce, don gwiwoyinki sun fara ciwo. Daga baya na ji ta shiga ɗakin wanka sau uku, gawar da ba ta danginmu ba. Tana dawowa sai in ga fuskarta ta sake, tana cin abinci, tana wasa da 'ya'yanta. Na gani da idona, na ƙi fahimta.

Wata Alhamis kika sha shayinki, kika kife kofin, kika ce, "Salomat, roƙo na zo yi. Ki ba ni Mehri. Hannunta mai taushi ne, ba ta da ƙyama, ba ta da surutu. Abin da ta gani a ɗaki ba ya fita bakinta. Ni 'yata ta rasu, matar ɗana kuwa ko sunan aikin ba ta son ji. Shekara biyu ta ishe ni in koya mata komai."

Na ce, "Yaya, kin san ina ganin girmanki. Amma tana da 'ya'ya mata biyu. Wa zai auri 'yar mai wankan gawa? So kike jikokina su tsufa a gidana?"

Kika ce, "To ke wa zai wanke ki?"

Na ce, "Ke mana."

Kika yi murmushi. "Na girme ki da shekara tara, malama mai karatun aji goma. Ba a koya muku lissafi ba?"

Ban yi dariya ba rannan. Bayan sati biyu aka yi rasuwa a gidan mai niƙa, na ji Mehri na can. Na yafa mayafi na je, na same ta a ƙofar ɗaki riƙe da buta. A gaban mata fiye da talatin na fizge butar na kama hannunta na ja ta har gida, ina faɗa mata cewa ban haife ta don ta ja wa zuriyata abin gori ba. Ke kina tsaye hannunki a jiƙe. Alhamis ta zagayo kika zo kamar kullum, na ba ki shayi a kofinki.

Kafin kaka ta wuce Mehri ta tafi birnin Yekaterinburg na Rasha neman aiki, ta bar mini yaran. Na raine su da tsanani, kamar yadda na raini uwarsu. Dukansu biyu sun yi aure a gidajen mutunci, ɗaya a babban birninmu Dushanbe, ɗaya ta bi mijinta Rasha. Ba wanda ya taɓa yi musu gori. Na samu abin da nake so, ba abin da ya ragu.

Sau ɗaya kawai kika sake taɓo maganar. Shekarar da na cika sittin da uku na sayo farin yadi, da sabulu, da kafur, da tawul, da ƙyallayen da za a raba wa masu makoki, kamar yadda kowace tsohuwa mai hankali take yi, na kira ki ki yanka mini likkafani. Kika sa na kwanta a kan darduma kika auna ni da taƙi, daga kai har tafin ƙafa. "Kai, Salomat, da rai kin cika gari da faɗa, ashe duka-duka ba ki fi taƙi bakwai ba. Ba za ki ci yadi ba." Kika yaga shi da hannu gida biyar, don ba a sa wa likkafani almakashi, kika zare zare daga jikinsa kika ɗinka ba tare da ƙulli ba. Kika naɗe kika miƙo mini. Kina ɗaura takalmi a bakin ƙofa kika ce, ba tare da kin dube ni ba, "Yadi kam ya samu. Saura hannu."

Na yi kamar ban ji ba.

To ranar Talatar da kika rasu, ƙanƙara ta zubo daga dutse ta toshe hanyar garin Panjakent. Aka buga wa mai wanka ta ƙauyen ƙetaren kogi waya, direba ya ce ko nan da kwana biyu mota ba za ta wuce ba. Ɗanki Nurali yana Surgut, can Rasha, yana kuka a waya, ba jirgin da zai kawo shi. Liman ya tsaya a ƙofar gida ya ce gawa ba ta jira, mata su fitar da uku a cikinsu, shi zai tsaya a waje ya riƙa faɗa musu abin da littafi ya ce.

Mu arba'in ne a tsakar gidanki, na ƙirga. Kowace ta sunkuyar da kai tana kallon ƙanƙara. Wannan ta ce tana shayarwa. Waccan ta ce hawan jini. Wata ta ce mijinta ba zai sake cin abincin hannunta ba. Na buɗe baki na fara faɗa yadda na saba, na ce ba ku da kunya, matar nan ta wanke uwayenku. Sai matar shugaban makaranta ta ce a hankali, "Goggo Salomat, ki yi haƙuri, 'yata za a kawo kuɗin aurenta bayan azumi. Idan dangin mijin suka ji fa?"

Maganata ce. Kalma da kalma. Na rufe bakina na naɗe hannun riga.

Mu uku muka shiga: ni, da Gulchehra, da tsohuwa Rohat wadda ido ɗaya kawai ke gani. Liman na bayan ƙofa yana ɗaga murya, "Alwala tukuna! Dama kafin hagu! Ku rufe al'aura!" Littafinsa gaskiya ne, amma bai faɗi inda ake sa hannu a tallafi wuya ba.

Zan faɗi abin da muka yi miki, Yaya, don a sani. Ruwan da aka dafa ya yi zafi, na manta da gwiwar hannu, na kwara miki a kafaɗa sai da tururi ya tashi. Da muka zo juya ki, kanki ya suɓuce daga hannun Gulchehra ya bugi katakon wanka. Har yau ina jin ƙarar. Sabulu ya shiga idonki. Gashinki ya cukurkuɗe, na ja shi da ƙarfi kamar yadda nake jan na jikokina idan za su makara makaranta. Sai da muka gama tas na tuna cewa tun da muka fara ba wadda ta ce miki ko kalma ɗaya. Ke da kika nemi gafarar kowace gawa kafin ki juya ta, mu mun juya ki kamar buhun dankali.

Sannan muka buɗe adakarki don ɗauko likkafani. Sabulu muka tarar, da kafur a ƙulle, da safar hannun wanka guda biyu, da tsefe. Babu yadi. Gulchehra ce ta tuna cewa da kaka, lokacin da matar wani makiyayi ta rasu wajen haihuwa, gidan ba su da ko ƙyalle, ke kika shiga da ƙunshi. Rohat ta ce wannan ne karo na uku da ta san kin yi haka. Kanti ɗaya ne a ƙauyen, ba ya sayar da farin yadi.

Na aika gida aka ɗauko nawa.

Mun shimfiɗa gida biyar ɗin yadda muka iya, muka naɗe ki, muka ɗaure kai, muka ɗaure tsakiya. Da muka zo ƙasa sai ga ƙafafunki a waje. Taƙi bakwai kika auna, ke kuwa doguwa ce. Na ja yadin, ya ƙi. Na tsaya ina kallon ƙafafun nan, duk kaushi, duk faso, yatsu biyu sun yi baƙi tun wani sanyi da kika taka ƙanƙara zuwa gidan wani. Ban taɓa ganinsu ba sai rannan, don a bakin ƙofa kike zama ki lulluɓe su da riga. Na cire farin ɗankwalin da nake salla da shi na naɗe su. Haka maza suka ɗauke ki zuwa kan tudu kafin la'asar, da likkafanin wata, da faci a ƙafa.

Da aka dawo daga maƙabarta na kira Mehri a waya. Aikinta a can kula da wata tsohuwa 'yar Rasha ce da ba ta iya tashi. Kullum safe ita ke yi mata wanka, ta juya ta, ta sauya mata shimfiɗa. Wannan ban hana ta ba, don a nan ba mai gani.

Na gaya mata komai, har bugun kai. Ta daɗe tana kuka. Sai ta ce, "Inna, kin gwada ruwan?"

Na ce, "A'a."



Ban taɓa roƙon ɗana ko 'yata komai ba, umarni nake bayarwa. Rannan na ce, "Mehri, na yi kuskure. 'Ya'yanki sun yi aure, ba abin tsoro kuma. Ki dawo gida ki koyi aikin nan. Na yarda."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi mini gori ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Sau uku kawai na shiga, Inna, buta nake riƙewa. Ko yagar yadi ban kai ba. In dawo in koya a wurin wa?"

Yau kwana talatin da takwas ina neman amsa, ban samu ba.

Ku matan da ke zaune a ɗakin nan, kun dafa shinkafa da nama kun kawo, Allah ya ba da lada. 'Ya'yanku da ke Rasha za su turo a kafa muku baƙin dutse mai ƙyalli a kabari, su ɗauki hoto su nuna wa abokai. Amma tsakanin fitar numfashi da dutsen akwai ɗaki ɗaya, da katako, da buta, ke kuma ba ki da ikon jan zane ki rufe jikinki. Wace ce za ta shiga? Ku dubi ta kusa da ku. Ba ina tambaya don in kunyata ku ba ne. Na fi kowa laifi, don ni kaɗai aka zo har gida aka roƙa.

Ranar sadakar bakwai a gidana aka yi, tunda gidanki ba kowa, Yaya. Na ɗauko kofin nan daga ramin bango na haɗa shi da sauran a faranti. Farantin ya zagaya ɗakin ya dawo hannuna, kofi ɗaya ya rage a kai. Kowa ya gane tsagar. Ni nake sha a ciki yanzu. Bai gyara komai ba.

Da hanya ta buɗe, Bahrom ya turo kuɗi aka sayo mini sabon yadi. Yana cikin adaka a naɗe yadda ya fito daga kanti. Na fito da shi sau biyu na shimfiɗa, ban san daga ina ake fara yagawa ba. Na ce wa matar Bahrom ta zo ta auna ni, ta ja da baya ta ce, "Haba Inna, daina irin wannan magana, ni ko yankan kaza ba na iya kallo." Yarinya ce mai biyayya, ban ga laifinta ba, ni na zaɓo ta daga gidan da ba su taɓa taɓa gawa ba. Abin da na iya kawai shi ne na yanki farin ƙyalle na ajiye ƙarƙashin matashin kaina, na kuma juya shimfiɗata ta kalli alƙibla. Wannan ɗaya dai na koya daga gare ki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta Nurali da iyalinsa, da ƙaninta Safar da ke kwance ba lafiya, da dukan matan wannan ƙauye, waɗanda suka san abin da suka rasa da waɗanda ba za su sani ba sai ranarsu ta zo. Nurali, ka yafe mini, ban iya yi wa mahaifiyarka abin da ya dace da ita ba. Muddin ina iya tsayuwa, ranar Alhamis zan ɗora mata mai a wuta tare da na Sitora.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Hikoyat. Ka wanke ta da rahamarka fiye da yadda muka kasa. Ka faɗaɗa mata kabarinta, ka haskaka shi, ka suturta ta da suturar Aljanna wadda za ta rufe ta har tafin ƙafa. Asirin matan da ta rufe shekara hamsin da biyu, ka rufe nata da shi ranar tsayuwa. Ka zaunar da ita a tsakiyar majalisi, ba a bakin ƙofa ba.

Ni kuwa ban cancanci in roƙi da yawa ba. Idan ranata ta zo, ya Ubangiji, ka sa hanya ta kasance a buɗe. Kuma ko wace ce aka samo, ko ba ta san sunana ba, ka sa ta tsoma gwiwar hannunta a ruwan, ta ce mini yi haƙuri kafin ta juya ni.

Amin.